Waliyyi Charles de Foucauld (1858–1916): Mai Neman Zaman Nazarat a Cikin Hamada

Ranar 1 ga watan Disamba ta kowace shekara Ikilisiya Katolika tana tunawa da wani firist ɗan ƙasar Faransa wanda aka kashe a bakin ƙofar gidansa a Tamanrasset, can tsakiyar Hamada, arewa da Agadas, a shekarar 1916. Ya yi shekara 11 a wannan gari bai yi wa ko mutum ɗaya daga cikin Abzinawan wurin baftisma ba. Ya sha rubuta dokokin ƙungiyar 'yan zuhudu da yake fatan kafawa, amma ranar da ya cika babu ɗan ƙungiya ko guda da ke zaune tare da shi. Idan da mudun kasuwa za a auna aikinsa, sai a ce mutumin ya yi asarar dukiya, ya yi asarar ilmi, ya kuma yi asarar rai. Duk da haka Ikilisiya ta sa sunansa cikin waliyyai, ta ce mu dubi rayuwarsa mu koya. Sunansa Charles de Foucauld, ana furta shi Sharl da Fuko, shi kuwa ya fi so a kira shi Ɗan'uwa Charles na Yesu.

Mun kawo tarihinsa a wannan fitowa musamman saboda 'yan'uwanmu da ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da unguwannin da ke kewaye da su. Zaman Kirista a can ya sha bamban da na Sabon Gari, inda mutum zai duba hagu ya ga coci, ya duba dama ya ga wata. Ma'aikaciyar jinya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko makaniki a gefen titin Zariya, ko mai shago a kasuwar Tarauni, sau da yawa shi kaɗai ne Kirista a gidan hayar da yake, wani lokaci ma a layin gaba ɗaya. Ranar Lahadi ya shiga mota ya tafi Misa, ya dawo, sai kwana 6 su tsaya a gabansa. Abin da mutanenmu suke yawan tambayar mu shi ne yadda mutum zai yi kama da Kristi a cikin waɗannan kwanaki, a wurin da ba zai tsaya ya yi wa'azi ba, alhali tunanin abin da ya auku a Kano a watan Oktoba na 1991 da watan Janairu na 2012 bai gama barin zukata ba. Wannan tambaya ce Ɗan'uwa Charles ya shafe rabin ransa yana amsawa.

An haife shi a birnin Strasbourg ranar 15 ga Satumba, 1858, a gidan asali da wadata. Bai kai ga cika shekara 6 ba mahaifiyarsa da mahaifinsa suka rasu a shekara guda, wato 1864, sai kakansa na wajen uwa, Kanar de Morlet, ya ɗauke shi tare da ƙanwarsa Marie. Tsohon ya so yaron ƙwarai, har ya kasa tsawata masa. Bayan yaƙin da Faransa ta sha kashi a hannun Jamusawa a 1870, suka koma birnin Nancy. Charles ya karɓi Jikin Kristi karo na farko a 1872, amma karance-karancen da ya dulmuya ciki babu mai yi masa jagora suka raba shi da bangaskiya tun yana ɗan shekara 16. Ya yi shekara 12 a haka, bai musanta Allah ba, bai kuma gaskata da shi ba.

A 1876 ya shiga makarantar hafsoshin soja ta Saint-Cyr. Kakansa ya rasu a 1878, gado mai yawa ya faɗo hannunsa, sai ya buɗe wa kansa ƙofar ci da sha da sutura da mata. A makarantar sojan doki ta Saumur, cikin ɗalibai 87 shi ne ya zo na 87. Da aka tura rundunarsu Aljeriya a 1880 ya tafi da wata mace wadda ba matarsa ba, manyansa suka ce ya sallame ta, ya ƙi, aka dakatar da shi daga aiki a 1881. Dukiyar kuwa ya yi ta watsa ta har sai da dangi suka kai magana kotu aka naɗa masa mai kula da abin da ya rage. Mun faɗi wannan dalla-dalla domin iyayen da ke kuka da 'ya'yansu su san daga inda wannan waliyyi ya taso.

Amma akwai wani ƙarfe a cikin mutumin wanda jin daɗi bai narkar ba. Da ya ji abokansa suna fagen fama sai ya roƙi a mayar da shi, ya yi watanni a kudancin Oran yana kwana a ƙasa tare da sojojinsa. A 1882 ya ajiye aikin soja, ya ƙudura zai ratsa ƙasar Maroko, wadda a lokacin cikinta haramtacce ne ga Bature. Ya yi shigar malamin Yahudawa, ya ɗauki wani Bayahude mai suna Mardochée ya zama jagoransa, suka yi wata 11 suna tafiya, daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884, kimanin kilomita 3,000, yana ɓoye ɗan ƙaramin littafi a tafin hannu yana rubuta duwatsu da koguna da hanyoyi. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885. A lura da wannan: mutumin da a Saumur tashi daga gado ke yi masa wuya, ga shi yana jure yunwa da zagi da barazanar kisa. Horon kai ya samu, amma don neman suna. Ɗan dambe ma yana da horon kai, haka ɗan kasuwar da ke buɗe shago tun duku-duku. Abin da ke mai da horo ya zama tsarki shi ne wanda ake yi dominsa, kuma Charles bai riga ya san shi ba.

A Maroko ne Allah ya fara ƙwanƙwasa masa ƙofa, ta hannun mutanen da bai zata ba. Ya ga Musulmi suna tsayar da ayari a tsakiyar daji, talakawa da masu hali, su juya gabas su kai goshi ƙasa, kullum, babu fashi. Ya ga mutanen da sunan Allah bai rabuwa da bakinsu. Waɗansu daga cikinsu ma sun gane cewa Kirista ne, suka rufa masa asiri, suka kare shi, alhali hakan na iya jawo musu fitina. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa ganin wannan bangaskiya ya girgiza shi, ya nuna masa akwai abin da ya fi shagulgulan duniya girma da gaskiya. A nan ya kamata mu dakata, mu mazauna Kano. Kiran sallar asuba yana shigo mana ta taga kowace safiya, kuma mun san akwai waɗanda daga cikinmu abin da ke fara fitowa bakinsu shi ne tsaki. Bangaskiyarmu da ta maƙwabtanmu sun bambanta a kan manyan al'amura, ba ma ɓoye wannan. Amma maƙwabcin da ya bar shimfiɗarsa cikin sanyin hunturu ya tafi masallaci yana yi mana tambaya ko da bai buɗe baki ba: kai fa, yaushe rabonka da addu'ar safe? Ikilisiya ta ba mu addu'ar Mala'ikan Ubangiji da ƙarfe 6 na safe, da 12 na rana, da 6 na yamma, ga Rosari, ga binciken zuciya kafin barci. Wanda ya mai da kiran ladan abin tuna masa da tasa addu'ar ya ci riba sau biyar a yini.

Da ya koma Paris a 1886 ya zauna kusa da danginsa. 'Yar gwaggonsa, Marie de Bondy, mace mai ibada, ba ta taɓa jan shi da gardamar addini ba. Kirkinta da natsuwarta su ne suka sa ya fara tunanin cewa addinin da mai hankali irinta ke bi ba zai zama wauta ba. Ya soma shiga coci-coci yana zama shiru, yana roƙon Allah, in dai yana nan, ya bayyana masa kansa. A ƙarshen watan Oktoba na wannan shekara ya je cocin Waliyyi Agustin ya sami Fada Henri Huvelin a ɗakin furta zunubi, ya ce darasi yake nema a kan addini. Firist ɗin ya umurce shi ya durƙusa ya furta zunubansa. Ya yi gardama kaɗan, sannan ya durƙusa. Da aka gama, Fada ya tura shi ya karɓi Jikin Kristi nan take. Yana da shekara 28. Daga ranar ya gane cewa tunda Allah yana nan, ba shi da wata rayuwa sai wadda za a yi dominsa. Fada Huvelin ya zama uban ruhunsa har zuwa rasuwar shi Fadan a 1910, kuma a cikin waɗannan shekaru 24 Charles bai ɗauki wani babban mataki ba sai da ya rubuta masa ya jira amsa. Mutum mai taurin kai irinsa, wanda ya bar aikin soja don kada a ba shi umurni, wannan biyayya ita ce azuminsa mafi tsanani.

Wata koyarwa ta Fada Huvelin ta kafu a zuciyarsa, cewa Yesu ya zaɓi matsayi na can ƙarshe har babu wanda ya taɓa iya ƙwace masa shi. A ƙarshen 1888 ya tafi ziyarar Ƙasa Mai Tsarki, kuma abin da ya fi kama shi shi ne lungunan Nazarat, da tunanin cewa Ɗan Allah ya yi ta bin irin waɗannan hanyoyi yana matalaucin kafinta wanda ba wanda ya san shi. Ya bar wa ƙanwarsa dukiyarsa, a watan Janairu na 1890 kuma ya shiga gidan zuhudu na 'yan Trappist a Notre-Dame-des-Neiges, bayan wata 6 kuma ya koma reshensu mafi talauci a Akbes, a ƙasar Siriya ta wancan lokaci. Ya yi shekara 7 a cikinsu yana noma, yana addu'a, yana shiru. Wata rana a 1894 aka aike shi ya yi addu'a a gidan wani lebura da ya rasu a ƙauyen kusa, sai ya ga talaucin wannan gida ya zarce na gidan zuhudu nesa ba kusa ba. Ya ji a ransa cewa Nazarat ta fi kama da bukkar leburan. Ya gaya wa manyansa, suka ce ya jira, ya kuwa jira shekaru, har suka aika shi Roma karatu. Sai a watan Janairu na 1897 shugaban ƙungiyar ya sallame shi da albarka.

Ya koma Nazarat ya nemi aikin bara a gidan Sistocin Waliyyiya Kilara. Suka ba shi wata 'yar rumfar katako a lambu inda ake ajiye kayan aiki. Tsohon hafsa, ɗan manyan gida, mai lambar zinariya, ya yi shekara 3 yana shara, yana zuwa aike, yana ɗauko wasiƙu, yana hidimar bagade, sauran lokacin kuma yana durƙushe a gaban Sakramenti Mai Albarka. Kada a ɗauka addu'ar tana zuwa masa da daɗi. Sau da yawa zuciyarsa busasshiya ce kamar fako, har Fada Huvelin ya ba shi shawara ya riƙa rubuta tunaninsa a kan Bishara domin hankalinsa ya tsaya wuri ɗaya. Haka ya yi ta bin Bishara aya bayan aya, yana tambayar abu biyu: me Yesu ya yi a nan, ni kuma me zan yi yau. Wannan dabara ba ta bukatar digiri. Duk mai Littafi Mai Tsarki da biro da tsohon littafin rubutu na 'ya'yansa zai iya fara ta a daren nan.

Abin da ya gano a Nazarat shi ne zuciyar koyarwarsa. Ubangijinmu ya yi kimanin shekara 3 yana wa'azi, amma ya yi kimanin 30 a gida, yana biyayya ga Maryamu da Yusufu kamar yadda Luka ya shaida a sura ta 2, yana aikin hannu, yana gaisawa da maƙwabta, yana zuwa biki da makoki. A cikin waɗannan shekaru 30 bai gaza zama Mai Ceto ba ko na yini guda. Ashe ke nan uwar da ke wanke-wanke, da telan da ya cika alkawarin ɗinki ranar da ya ce, da ma'aikacin ofis da ya ƙi karɓar na goro don ya matsar da takarda, da mai sayar da hatsi da bai dauɗe gindin mudu ba, suna kan aikin da Yesu ya fi daɗewa yana yi a duniya. Da yawa daga cikinmu muna ajiye tsarki sai ranar da za mu sami lokaci, ranar da yara suka girma ko aka yi ritaya. Ɗan'uwa Charles zai ce mana gidan hayar nan mai ɗaki biyu da famfo ɗaya a tsakar gida ita ce Nazarat ɗinmu, babu wata da ke tafe.

Sai dai ba duk abin da ya yi ne za mu ɗauka ba. Dokokin da ya rubuta wa ƙungiyar da yake mafarki sun yi tsanani har suka tsorata Fada Huvelin, wanda ya gaya masa a fili cewa ba mai iya bin su, ya kuma roƙe shi ya daina tsara wa waɗansu doka. Abincinsa bai wuce kunun sha'ir da dabino ba, barcinsa kaɗan. Saurayi ɗaya da ya gwada bin sa cikin Hamada a ƙarshen 1906 rashin lafiya ya kayar da shi a hanya, dole ya juya. A ganinmu wannan zafin nama saura ne na tsohon halinsa na wuce iyaka, wanda ya sauya alƙibla amma bai mutu ba tukuna. Mai aikin dare a asibiti ko mace mai goyo da za ta ce za ta kwaikwayi azuminsa, za mu hana ta.

Shugabar Sistocin Kilara ta Urushalima ce ta matsa masa ya karɓi aikin firist, wanda da yake gudu saboda yana ganin girma ne. Aka naɗa shi a Viviers, a Faransa, ranar 9 ga Yuni, 1901, yana da shekara 42. Tunda Maroko a rufe take, ya sauka a Beni Abbes, wani zango a Hamadar Aljeriya kusa da iyaka, a watan Oktoba. Ya gina ɗan ɗakin sujada, ya jera duwatsu a ƙasa su zama iyakar da ba zai tsallake ba, ya tsara yininsa sa'a bayan sa'a. Sai ƙofa ta fara bugawa. Bayi, matalauta, matafiya, marasa lafiya, sojoji, mutum 60 zuwa 100 a yini. Tsarin nan da ya wahala wajen rubutawa ya riƙa wargajewa kullum. A nan ya koyi darasin da ya fi na Nazarat wuya. Ya shaida cewa babu wani sashe na Bishara da ya juya rayuwarsa kamar Matiyu sura ta 25, inda Ubangiji ya ɗauki abin da aka yi wa mayunwaci da baƙo da ɗaurarre a matsayin abin da aka yi masa shi kansa. Ya yi tunani cewa bakin da ya faɗi wannan shi ne bakin da ya ce gurasa jikinsa ce; wanda ya gaskata ɗaya dole ya gaskata ɗayan. Saboda haka in aka buga ƙofa yana tsakar sujada, yakan tashi ya buɗe, yana ganin wurin Yesu ya baro, wurin Yesu kuma ya nufa. Ya tarar ana cinikin bayi a gaban idon hafsoshin Faransa, waɗanda suka kau da kai don kada su ɓata da masu ƙasa. Ya rubuta wa shugabansa, Monsinyo Guérin, wasiƙu masu zafi cewa bai halatta Ikilisiya ta yi shiru ba, ya kuma fanshi 'yan kaɗan da kuɗin da dangi ke aiko masa. Aka ce ya bi a hankali. Ya yi biyayya, amma bai sauya ra'ayi ba.

Tsohon abokinsa na soja, Laperrine, ya gayyace shi kudu, ƙasar duwatsun Ahaggar. A watan Agusta na 1905, da iznin sarkin Abzinawan wurin, Musa ag Amastan, ya zauna a Tamanrasset, wadda a lokacin ba ta wuce gida 20 ba. Waɗannan mutane ba baƙi ba ne gare mu. 'Yan'uwan Abzinawan Agadas ne, waɗanda a Kano aka fi kira Buzaye. A wancan zamani ayarinsu yakan kai gishiri Damargu ya komo da gero, kuma baƙin rawani mai sheƙi irin wanda marinan Kura suka shahara da shi yana cikin abin da mazajensu ke alfahari da shi. Har yau akwai Hausawa da ke zuwa Tamanrasset neman abinci.

Abu na farko da ya sa a gaba shi ne harshensu. Ya zaci aikin watanni ne, sai ya cinye sauran ransa. Yakan yi fiye da awa 10 a yini yana zaune da masu harshen yana tambaya yana rubutawa. Ƙamus ɗin da ya bari, na Tamashek da Faransanci, ya haura shafi 2,000, an buga shi cikin juzu'i 4 a 1951 da 1952, kuma masana suna amfani da shi har yanzu. Ya tattara baitocin waƙoƙinsu kimanin 6,000, na yaƙi da na soyayya da na raƙuma, ya kuma nace kada a sa sunansa a kan aikin. Wani zai ce ina ruwan firist da waƙar soyayya. Amsarsa ita ce ba a ƙaunar mutum daga nesa, kuma Ɗan Allah ma harshen ƙauyensu ya yi magana da shi. Mu da Hausa ta riga ta zama tamu, ko ta gado ko ta zama, an ɗauke mana wannan wahala. Abin da ya rage mana ƙarami ne, amma da yawa ba mu yi ba: sanin sunan maƙwabci da na 'ya'yansa, zuwa barka in an haihu, zama a tabarmar ta'aziyya in an yi rashi.

Shekarar 1907 ta zo masa da duhu. Paul, bawan da ya fansa wanda ke yi masa hidimar bagade, ya riga ya tafi, kuma dokar Ikilisiya a lokacin ba ta yarda firist ya yi Misa shi kaɗai ba. Mutumin da ya shiga Hamada domin ya kai Yesu na cikin Sakramenti inda ba a taɓa kai shi ba, sai ga shi ya yi Kirsimeti babu Misa. Yana iya komawa arewa inda akwai Kiristoci, amma ya zaɓi ya zauna da mutanen. Ga fari ya kai wata 17 babu ruwan sama. Ya rabar da hatsin da ya tanada har ya ƙare, mutane kuma suka rage zuwa tunda babu abin karɓa. A watan Janairu na 1908 jikinsa ya faɗi, ya kwanta ba ya iya motsi, ya shirya wa mutuwa, yana duban shekarunsa yana ganin babu abin da ya haifar. A wannan hali ne Abzinawa, waɗanda su ma yunwa ke ci, suka bi duk awakin da ke da ɗan sauran nono a kewayen kilomita 4, suka riƙa tatsowa suna kawo masa har ya farfaɗo. A ƙarshen watan kuma saƙo ya iso cewa Paparoma ya ba shi izni ya yi Misa shi kaɗai.

Masu nazarin rayuwarsa suna kiran wannan tubarsa ta biyu, mu ma haka muka gani. Tun daga Beni Abbes shi ne mai bayarwa, hannunsa kullum a sama. Mai bayarwa kuwa, komai tawali'unsa, yana da wani fifiko da ke hana shi zama ɗan'uwa sosai. Sai da ya sha nonon matalauta, ya zama mai bin su bashin rai, sannan abota ta gaskiya ta ƙullu. Yesu ma ya roƙi ruwa a hannun Basamariya. Akwai waɗanda a cikinmu in maƙwabta suka aiko da kwanon abincin Sallah sai su karɓa da fuska biyu, ko su juye a bayan gida, ba sa kuma yarda su roƙi ko gishiri a ɗakin da ke kusa, wai don kada a raina su. Wannan girman kai ne, ko da an yi masa rawanin addini. Wanda bai iya karɓar alheri daga hannun maƙwabci ba, shinkafar Kirsimetin da zai aika ba za ta yi wani nisa ba.

Daga nan zamansa ya yi laushi. Ya rage tsananta wa jikinsa bisa umurnin manyansa, ya ƙara sakewa da mutane. Yana ba da magani da allurar ɗinki, yana koya wa mata saƙa, yana ba Musa shawara a kan adalci da tsoron Allah. Ya fahimci cewa wa'azin baki ba shi ne aikin wannan lokaci da wannan wuri ba. Abin da ya sa a gaba shi ne kirki, irin wanda zai sa mai kallo ya ce in bawa yana da wannan hali, to, ina ga Ubangidansa. Ya kuma gane ba 'yan zuhudu kaɗai ake bukata ba. Ya riƙa neman Kiristoci na gida, 'yan kasuwa da manoma da masu jinya, irin Akila da Bilkisu masu sana'ar tanti da muke karantawa a Ayyukan Manzanni sura ta 18, su zauna cikin jama'a suna sana'arsu da gaskiya. Ya je Faransa a 1909 da 1911 da 1913 saboda wannan, amma ƙungiyar da ya kafa ba ta wuce mutum 49 ba, har da shi, lokacin da ya rasu. Mutanen da ya yi ta nema bai samu ba, su ne ke zaune yau a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni.

Akwai abin da ba za mu tsallake ba, mu da kakanninmu suka ɗanɗana mulkin mallaka. Ɗan'uwa Charles ɗan zamaninsa ne. Ya gaskata cewa mulkin Faransa zai kawo wa Hamada alheri, ya yi abota da hafsoshi, yana kuma rubuta musu labarin abin da ke gudana a ƙasar. Gaskiya ne ya sha tsawata musu a kan zalunci da ƙwace, amma bai taɓa tambayar ko suna da hakkin zama a can tun farko ba. Ikilisiya ba ta ce waliyyi ya ga komai daidai ba. Ta ce ya ƙaunaci Allah da mutane da dukan abin da ya gani.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tayar da Hamada. Mayaƙan da ke da alaƙa da ɗariƙar Sanusiyya ta Libiya suka tashi a kan Faransa, hare-hare suka yawaita. Aka ce ya koma barikin soja, ya ƙi barin mutanen. Ya gina wani gida mai katanga domin talakawan gari su fake in an kawo hari, sojoji kuma suka ajiye bindigogi a ciki. Ranar Juma'a, 1 ga Disamba, 1916, kwana 3 bayan ya kammala aikin waƙoƙin, da magariba, wani da ya sani ya kira shi a ƙofa cewa wasiƙu sun iso. Da ya buɗe aka fizgo shi waje, aka ɗaure hannuwansa ta baya, aka durƙusar da shi, aka bar yaro ɗan kimanin shekara 15 yana gadinsa yayin da sauran ke kwasar kaya. Alamu sun nuna garkuwa suka so yi da shi. Sai ga sojoji biyu a kan raƙuma sun ɓullo, aka ruɗe da harbi, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Yana da shekara 58. A cikin wannan wata ne kuma Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya. Bayan mako 3 wani hafsa ya tsinci ɗan mazubin Sakramenti Mai Albarka yashe cikin rairayi, Jikin Kristi yana ciki. Musa ag Amastan, Musulmi, ya aika wa ƙanwar mamacin wasiƙar ta'aziyya mai cike da baƙin ciki.

A 1921 marubuci René Bazin ya buga tarihinsa, littafin ya bazu. A 1929 aka mayar da gawarsa El Golea. A 1933 Fada René Voillaume da abokansa suka kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu a Hamadar Aljeriya, a 1939 kuma Magdeleine Hutin ta kafa ta mata. 'Yan waɗannan ƙungiyoyi sukan kama haya a unguwannin talakawa, su yi aikin masana'anta ko shara ko kiwo kamar kowa, su keɓe ɗaki ɗaya domin sujada. An ayyana shi Mai Albarka ranar 13 ga Nuwamba, 2005, a zamanin Paparoma Benedict na 16, kuma Paparoma Francis ya rufe wasiƙarsa ta 2020 a kan 'yan'uwantakar 'yan Adam da ambatonsa. Ko da yake ya daɗe yana marmarin mutuwar shahada, Ikilisiya ba ta lissafa shi cikin shahidai ba. Halinsa na yau da kullum ta bincika, da al'ajiban da aka samu ta wurin roƙonsa. Na ƙarshensu ya auku ranar 30 ga Nuwamba, 2016, jajiberin cikarsa shekara 100 da rasuwa, lokacin da wani matashin kafinta, wanda ko baftisma ba a yi masa ba, ya faɗo daga tsayin fiye da mita 15 yana gyaran rufin wani ɗakin sujada, katakon benci ya huda shi, ya kuma tashi da ƙafarsa ya warke sarai. A garin Saumur abin ya faru, inda Charles ya taɓa zuwa na 87 cikin 87. Paparoma Francis ya ayyana shi Waliyyi a Roma ranar 15 ga Mayu, 2022.